Neman Aure A Wurin Aiki: Boko Ne Ya Kawo Shi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi ta Jihar Kano. Mai wasiƙar ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Manomi ne mai taɓa sayen hatsi da kaka. Ya ce 'yarsa ta gama makarantar koyon aikin lafiya, an ɗauke ta aiki a wani ƙaramin asibiti, yanzu kuma ga wani da suke aiki tare ya turo magabatansa yana neman aurenta. Dangi sun rabu biyu. Wasu sun ce a karɓa, wasu kuwa sun ce abin kunya ne, ai da ganin haka an san ba aiki ne ya kai ta can ba, a cire ta kawai ta zauna a gida. Shi ne yake tambaya: wannan al'ada ta neman aure a wurin aiki yaushe ta shigo ƙasar Hausa, wa ya kawo ta, kuma alheri ce ko sharri?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Tambayarka ta tarihi ce, amma mun san ba tarihin ne ya hana ka barci ba. Duk da haka bari mu bi ta hanyar da ka zaɓa, don a cikinta amsar take.

Da farko dai, boko bai kawo wannan abu ba. Ya tarar da shi. Auren da Musulmi suka fi girmamawa duka daga harkar kasuwanci ya taso. Nana Khadija (R.A.) attajira ce a Makka, tana ba maza dukiyarta su yi mata fatauci. Ta ji labarin gaskiya da riƙon amanar Annabi Muhammadu (S.A.W.), ta ba shi kayanta ya kai Sham tare da yaronta Maisara. Da suka dawo ta ga riba, ta kuma ji abin da Maisara ya gani na halinsa a hanya. Sai ta aiki ƙawarta Nafisa ta ji ta bakinsa, daga nan magabata suka shiga maganar, baffansa Abu Ɗalib ya tsaya masa, aka ɗaura aure. Wannan ya faru wajen shekarar 595 ta Miladiyya, yana da shekara 25, suka kuma zauna kimanin shekara 25 har mutuwa ta raba. Haka nan a cikin Suratul Ƙasas akwai labarin Annabi Musa (A.S.) a Madyana, inda ya tarar da 'yanmata biyu a bakin rijiya suna jiran su shayar da dabbobinsu, ya taimake su. Ɗaya daga cikinsu ce ta ba mahaifinsu shawarar ya ɗauke shi aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa, uban kuma ya aura masa ɗayarsu a kan ya yi masa kiwo shekara 8 ko 10.

Ka lura da abu biyu a nan, Malam, don za mu yi ta karo da su har ƙarshe. Aiki ne ya nuna halin mutumin. Maganar aure kuwa ba a lungu aka ƙulla ta ba, an sami wani na uku ya ɗauke ta ya kai gaban manya.

Gardamar da ake yi a zaurenku ma ba sabuwa ba ce. Wajen 1786, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malamin Barno da ake kira Goni Mustafa ya soke shi a kan yana barin mata suna zuwa wurin wa'azinsa inda maza suke. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, Abdullahi kuma ya kawo labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne su ma ba su yarda da cuɗanya ba, amma barin mata cikin jahilci ya fi fitowarsu muni, don haka sai a gyara yadda za su zauna, ba a kore su ba. 'Yar Shehu, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), ita ce daga baya ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, watau mata shugabanni masu jagorantar 'yan'uwansu daga ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu. Ke nan fiye da shekara 200 da suka wuce an riga an yi wannan shari'a, masu cewa a tsara fitar suka rinjayi masu cewa a toshe ƙofa.

Sai mu dawo gida, mu tambayi kanmu: kakanninmu a ina suke ganin matan da suke aura, in ba na zumunci ba ne? Ai a wurin neman abinci ne. Ofis ɗin bakarkare gona ce da kasuwa. Ranar gayya samari suna noma, makaɗa suna zuga su, 'yanmata suna kawo fura da ruwa suna kallon wanda kunyarsa ta fi tafiya da wanda yake laɓewa a gindin kuka. Ranar kasuwa kuma yarinya tana bakin farantinta na ƙosai ko ƙwaryar nono, saurayi yana rumfar ubansa, tun ana gaisuwa har a kai ga toshi. Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Gaya, ko ya taɓa cin kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya san auren da ciniki ya haɗa ba ya ƙirguwa. Ba wanda ya kira wannan abin kunya, don kuwa idon jama'a yana kansu, kuma kowa ya san gidan uban kowa.

Fatake ma suna da nasu salo. Tun zamanin ayarin goro zuwa Gwanja, maigida yakan riƙe yaro shekara da shekaru, in ya ga amanarsa sai ya yi masa aure, sau da yawa da 'yarsa ko 'yar riƙonsa. Wani Bature mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin cinikin shanu da goro, ya rubuta a littafinsa na 1969 cewa irin wannan aure yana cikin igiyoyin da masu gida suke ɗaure yaransu da su. 'Yan kasuwa masu karanta wannan shafi sun san daɗin abin, sun kuma san ɗacinsa. In aure ya yi kyau, jari ya zauna a gida. In ya mutu, sau da yawa da rumfar yake tafiya, don ba mai iya auna hatsi da safe da wanda ya saki 'yarsa da daddare.

Amma akwai wani ɓangare na tarihin da ba a son faɗa, shi ne kuwa ya fi kusa da abin da ya kamata ka ji tsoro. A ƙarni na 19 yawancin matan da suke wuni a gonakin sarakuna da attajirai bayi ne, a rinji suke kwana. In ubangida ya ga wadda ta yi masa, sai ya sa ta ɗaka. Ba neman aure, ba waliyyi, ba ta da bakin cewa a'a, don wanda yake son ta shi ne mai abincinta da wuyanta. Turawan mulkin mallaka sun yi shela cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Nijeriya ta Arewa. Wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954, ta yi bayanin wancan zamani filla-filla. Mijin Baturiyar, M.G. Smith, yana ganin ƙarewar bauta tana cikin abin da ya yaɗa kulle a karkara: matan da suka sami 'yanci sun ƙi komawa gona, don noma a wurinsu alamar bauta ce. (Su kansu Smith ɗin miji da mata ne masu aiki ɗaya. Shi yana zaure da maza, ita tana cikin gida inda ba shi da ikon shiga.)

To ka ga tun asali iri biyu ne. Akwai wanda aiki ya nuna wa juna halinsu suka bi ta ƙofa. Akwai kuma wanda mai iko ya miƙa hannu ya ɗauki wadda take ƙarƙashinsa. Sunan wurin ne kawai yake sauyawa, daga rinji zuwa ofis.

Kulle bai hana mata sana'a ba, sai dai ya mayar da ita cikin gida, yara suna talla. Waɗanda suka ci gaba da fita ƙwadago yawanci tsofaffi ne da zawarawa, su ma ba kanwar lasa ba ne: wajen 1977 matan da suke aiki a gonar wani kamfanin Turawa a Kadawa, inda ruwan Tiga yake bi, sun yi yajin aiki a kan lada. Abin da boko ya zo da shi sabo shi ne budurwa ko matar aure mai albashi, tana zaune ɗaki ɗaya da namijin da ba muharraminta ba daga safe zuwa azahar, nesa da idon unguwa. Wannan ma a hankali ya zo. An buɗe makarantun 'yanmata na farko a Kano da Katsina a 1930, aka buɗe ta horon malamai mata a Sakkwato a 1939, amma ɗaliban ba su taka kara sun karya ba, yawanci daga gidajen sarauta ake tsamo su.

Su Turawan da ake cewa su suka kawo abin, a lokacin sun fi mu tsanani. A Ingila, har zuwa 1946, mace ma'aikaciyar gwamnati in ta yi aure ajiye aiki take yi, a ma'aikatarsu ta harkokin waje kuwa dokar ta kai farkon shekarun 1970. Irin wannan tunani ya bar mana gado. An fara ɗaukar mata aikin 'yansanda a Nijeriya a 1955, aka kuma yi ƙa'ida ta 124 wadda ta ce 'yarsanda ba za ta yi aure ba sai ta rubuta wa kwamishina neman izini, ta faɗi sunan manemin da adireshinsa da sana'arsa, kuma sai ta yi shekara 3 tana aiki. Namiji ɗansanda ba mai tambayarsa komai. Sai a 2012 wata babbar kotun tarayya a Legas ta soke wannan ƙa'ida.

Ambaliyar ta zo ne a shekarun 1970. A 1973 gwamnatin Janar Gowon ta kafa bautar ƙasa, aka riƙa watsa samari da 'yanmata jihohin da ba nasu ba, har aure ya ƙullu tsakanin ƙabilun da da ba sa ga-maciji. A watan Satumba na 1976 kuma aka soma shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa ana tura su ƙauyuka. Mu da muka riƙe alli kafin mu zo gidan rediyo, malaman wancan zubi ne suka koyar da mu, kuma kusan kowa a cikinmu ya san gidan da ake cewa gidan Malam da Malama, keke ɗaya yake kai su makaranta. Daga baya aikin lafiya ya buɗe tasa ƙofar. Lokacin yaƙi da cutar shan-inna, wanda ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Nijeriya a watan Agusta na 2020, mata ne suke shiga gida-gida da allurar ɗigo, don namiji iyakarsa zaure. Gwamnati ta gane, jama'a ma sun gane, akwai aikin da in ba mace ba ba ya yiwuwa.

Masu son misali na kusa sai su dubi masana'antar finafinan Hausa, wadda ta somo da Turmin Danya a 1990. A can auren abokan aiki ba a ɓoye yake ba. Marigayi Ahmad S. Nuhu ya auri Hafsat Shehu, suna tare har Allah ya karɓi ransa a haɗarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007. A shekarar ce kuma Sani Danja ya auri Mansura Isa, suka yi shekara 14 da 'ya'ya 4 kafin su rabu a 2021. Ba mu kawo su don mu yi musu hisabi ba, aure rai gare shi. Abin dubawa shi ne al'adar masana'antar: in jaruma ta yi aure sai ta bar fitowa, mijin kuwa ya ci gaba da sana'arsa. Watau a auren abokan aiki, in za a biya wani farashi, daga aljihun mace yake fita. Haka abin yake a makaranta, haka yake a asibiti. In zance ya lalace, namiji yakan yi kwana biyu ana tsokanarsa a manta, ita kuwa sunan ya bi ta har gidan wani mijin.

A ƙasashen waje ma abin fuska biyu gare shi. Barack Obama, tsohon shugaban Amurka, a ofishin lauyoyi na birnin Shikago ya haɗu da Michelle a 1989. Ita aka ɗora wa nuna masa aiki, da farko ma ta ƙi sauraronsa saboda haka, suka yi aure a 1992. A ɗaya gefen kuma, a watan Nuwamba na 2019 kamfanin abinci na McDonald's ya kori shugabansa Steve Easterbrook saboda hulɗa da wata ma'aikaciya, daga baya har ya mayar da dukiya ta dala miliyan 105. A watan Satumba na 2025 kamfanin Nestlé, masu dunƙulen Maggi da uwargida take jefawa a miya, ya kori nasa shugaban, Laurent Freixe, bayan ya yi kusan shekara 40 a kamfanin, saboda ya ɓoye soyayya da wadda take aiki a ƙarƙashinsa. Waɗannan kamfanoni ba wa'azi suke yi ba, dukiyarsu suke karewa. Sun gano cewa in shugaba yana neman ta ƙasa da shi a ɓoye, ba mai sanin ko ƙarin girman da ta samu na aikinta ne, ba kuma mai sanin ko amincewar da ta yi ta so ce ko ta tsoro. A nan gida, a watan Disamba na 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Ile-Ife, Richard Akindele, shekara 2 saboda neman ɗalibarsa da lalata don ya ba ta maki. A 2022 kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Rubuta doka dai daban, kai ta ƙaramin asibitin ƙauye daban.

To Malam, sai mu zo kan taka. A ganinmu masu cewa abin kunya ne ba su yi wa yarinyar adalci ba. Mai mugun nufi ba ya turo baffanninsa da goro. Wanda ya turo ya bi hanyar da aka bi tun zamanin Nafisa. Kuma akwai abin da 'yarka ta sani game da shi wanda mai zuwa zance da daddare cikin shadda da turare ba zai taɓa nunawa ba. Ta ga yadda yake yi wa tsohuwar da ta zo ba kuɗin magani, ta ga ko yana zuwa a kan lokaci, ta ji yadda yake magana in ransa ya ɓaci. Wata shida na aiki tare ya fi shekara biyu na hira a soro.

Sai dai akwai abin da ba ka faɗa mana ba a wasiƙarka, shi ne kuwa kan maganar. Mene ne matsayinsa a asibitin? In tsaranta ne, ko a wani sashe yake, da sauƙi. In kuwa shi ne mai rubuta wa zai kwana aiki, shi ne mai sa hannu a takardar hutunta da ta ƙarin girma, to kada ka karɓi amsarta ta farko. Ka sa mahaifiyarta ko gwaggonta ta keɓe da ita ta tambaye ta: in kin ce ba kya so, me kike tsoron zai faru ranar Litinin? In ta yi dariya, alhamdu lillahi. In ta sunkuyar da kai ta yi shiru, kada a ce shirun budurwa yarda ne, a sake tambaya. Ko da kuwa tana so, in shi ne shugabanta, ya kamata tun kafin a sa rana ɗayansu ya nemi canjin wurin aiki daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kuma shi ya fi dacewa ya nema, tunda shi ya zo da buƙata. Yin haka yana kare mutuncinta a idon sauran ma'aikata, yana kuma kare abincinta in wata rana zama ya ƙi daɗi.

Maganar ci gaba da aikinta bayan aure kuwa, a yi ta yanzu a gaban waliyyai da shaidu, a rubuta in da hali. Sau nawa muka karanta wasiƙu a wannan shiri daga matan da miji ya gan su a bakin aiki, ya so su a bakin aiki, amarci na ƙarewa ya ce ba ya son matarsa tana gaisawa da maza? Shi ya fi kowa sanin abokan aikin, shi ya sa kishinsa ya fi na bare zafi. In yana da wata matar a gida, ita ma a tabbatar ta ji daga bakinsa, kada ta ji a bakin masu zuwa awo.

Masu cewa a cire ta daga aiki kuma, a tambaye su wa zai karɓi haihuwar matansu. Kai ka san mazan da suke hana matansu zuwa asibiti don namiji ne yake dubawa, ka kuma san gidajen da aka yi zaman makoki saboda haka. Kuɗin gero da gyaɗar da ka sayar ka biya mata makaranta ba kai kaɗai suka yi wa amfani ba.

Bincike kuwa a yi shi kamar na kowane manemi, kada a ce ai ma'aikaci ne. A je garinsu, a tambayi liman da maƙwabta, a ji yadda ya rabu da ta baya in ya taɓa saki. Kafin a kai ga haka, ta rage tsayawa da shi su biyu bayan an tashi aiki, zance ya dawo ƙofar gidanka inda kowa yake gani. Kada kuma a manta, tun watan Mayu na 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, wanda ya haɗa da na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini saboda amosanin jini. Tunda su biyun ma'aikatan lafiya ne, a kai su wani asibitin daban a yi musu, ba inda abokansu ne za su rubuta sakamakon ba.